Yadda Ake Koyon Ƙidayar Sino-Koriya, daga Il har zuwa Eok

Duk lokacin da Bahaushe ya ce ashirin, talatin ko hamsin, Larabci ne a bakinsa, ko da bai lura ba. Ɗaya zuwa goma namu ne, amma daga ashirin zuwa casa'in aro muka yi, muka ajiye "gomiya biyu" da "gomiya uku" na kakanni. Haka kuma idan dattijo zai faɗi shekarar samun 'yancin kai, sai ya ce alif ɗari tara da sittin, ba dubu ba. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin jin cewa Koriyawa suna da ƙidaya iri biyu ba. Sun daɗe suna ɗaukar ilimi da rubutu daga Sin, har fiye da rabin kalmomin ƙamusunsu daga Sinanci suka samo asali, kuma lambobi na cikin abin da suka aro. Inda muka bambanta da su shi ne, mu mun haɗe namu da na aro suka zama jeri ɗaya, su kuwa sun riƙe jeri biyu, kowanne da aikinsa. Na gida shi ne hana, dul, set, net, kuma a casa'in da tara yake tsayawa. Na aro shi ake kira Sino-Koriya, wato kalmomin Sin da lafazin Koriya, kuma da shi ake faɗin kuɗi, kwanan wata, minti, lambar waya, lambar mota da hawan bene.

Shawarata ita ce ka fara da na aron. Ya fi sauƙin ginawa, kuma shi za ka fara buƙata ranar da ka tsaya gaban mai kanti.

Mataki na farko: kalmomi goma, da bakin da zai faɗe su

Ga su, da Hangul, wato haruffan Koriyanci, da kuma yadda ake rubuta su da boko:

1 일 il
2 이 i
3 삼 sam
4 사 sa
5 오 o
6 육 yuk
7 칠 chil
8 팔 pal
9 구 gu
10 십 sip

Kowacce gaɓa ɗaya ce tak, don haka haddar ba ta wuce zama ɗaya. Aikin yana wajen lafazi, kuma akwai wurare huɗu da harshen Bahaushe ke zamewa.

Na farko, kalmominmu kusan duka da wasali suke ƙarewa, shi ya sa baki ke son ƙara wasali a bayan baƙi, sai yuk ya koma "yuku", sip ya koma "sifi". A Koriyanci baƙin ƙarshe rufe shi ake yi ba tare da an sake shi ba. Ka ce "shi", ka haɗe leɓɓanka, ka tsaya nan. Wannan shi ne goma. Na ce "shi" da gangan, domin s idan ya zo kafin i a wannan harshe, sautin sh yake bayarwa, ko da yake sip ake rubutawa.

Na biyu shi ne p na pal. Mu f da p ba su da iyaka a bakinmu, amma a can babu f ko kaɗan. Sai leɓɓa sun haɗu sosai sannan iska ta fashe da ƙarfi. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, idan ta motsa lokacin da ka ce pal, ka kama hanya.

Na uku mai sauƙi ne: ch ɗin chil shi ne c namu na "ciki", da ɗan ƙarin iska. Na huɗu kuma g na gu a farkon kalma yana tsakanin g da k, kada ka nauyaya shi kamar na "gudu".

Ka koyi Hangul ɗin waɗannan kalmomi tun yau, kada ka jingina da boko kaɗai. Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro rubutun a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, kuma an tsara shi ne don talaka ya iya koya cikin ɗan lokaci. Bokon yana yaudarar ido, musamman "eo" da za ka gani a gaba, wanda ba wasula biyu ba ne, wasali ɗaya ne mai kama da o da aka buɗe baki sosai.

Da yake il da i suna kama a kunne, haka ma sam da sa, ka riƙa faɗinsu bi da bi kana naɗar muryarka a waya kana saurare. Su kansu Koriyawa, idan suna karanta lamba ta waya, wani lokaci sukan sa hana a madadin il, dul a madadin i, don gudun kuskure.

Mataki na biyu: daga 11 zuwa 99

Nan babu sabuwar kalma ko ɗaya. Babu kuma abin haɗi irin "sha" ko "da" namu. Jerawa kawai ake yi. Abin da ya zo kafin sip ninka shi yake yi, abin da ya zo bayansa ƙari ne. Isip biyu sau goma ne, wato 20. Sibi goma da biyu ne, wato 12. Samsip 30, sipsam 13. Osip 50, sibo 15. 47 kuma sasipchil, 99 gusipgu.

Ka lura p ɗin sip ya koma b a sibi da sibo. Idan wasali ya biyo baya, baƙin ƙarshe yakan tsallaka ya shiga gaɓar gaba. Saboda haka 11 sibil ake ji, 21 isibil.

Shida ce mai rigima. Ana rubuta 16 a matsayin 십육, amma simnyuk ake furtawa. Haka 26 isimnyuk, 36 samsimnyuk, har zuwa 96. Dalili kuwa, asalin kalmar ryuk ce, a Koriya ta Kudu r ɗin yana faɗuwa a farkon kalma, amma tasirinsa na dawowa idan tana tsakiya. A Koriya ta Arewa har yau ryuk suke rubutawa. Ba sai ka haddace dokar ba, ka dai maimaita simnyuk har bakinka ya daina neman wata hanya.

Mataki na uku: ɗari da dubu

Ɗari baek (백), dubu cheon (천). Ginin bai canza ba, sai dai a nan dole ka juya tunaninka. Mu muna cewa ɗari uku, mai ninkawa yana baya. Su suna cewa sambaek, uku ɗari. Dubu biyar ocheon. 3,750 kuwa samcheon chilbaek osip.

Ba a sa il a gaban sip, baek ko cheon a magana ta yau da kullum. 100 baek ne kawai, 1,500 cheon obaek, 1,111 cheon baek sibil. Inda sifili ya faɗo a tsakiya tsallake shi ake yi: 305 sambaek o, 2,008 icheon pal. Ita ma shida tana nan da halinta, 106 baengnyuk ake ji.

Mataki na huɗu: man, inda yawancin masu koyo ke tsayawa

A nan nake so ka zauna ka daɗe, domin duk abin da ya gabata sharar fage ne. Mu da Turawa da Larabawa muna tara manyan lambobi uku-uku: dubu, miliyan, biliyan. Koriya da Sin da Japan huɗu-huɗu suke tarawa. Dubu goma tana da sunanta na kanta, man (만), kuma daga nan da ita ake ƙirga, ba da dubu ba. Babu wanda ke cewa "sip cheon". 10,000 man ne. 20,000 iman. 35,000 samman ocheon, wato man uku da dubu biyar.

Mutanen Maraɗi da Damagaram sun san irin wannan lissafi, domin a kasuwa da dala suke ƙirga kuɗi, kowace dala tana tsaye a kan sefa biyar, kuma mai ciniki ba ya tsayawa yana ninkawa a ransa, kai tsaye yake ganin kuɗin da dala. Haka ake so man ta zauna maka: ma'auni mai zaman kansa, ba "dubu goma" da kake fassarawa kowane lokaci ba. Muddin kana bi ta dubu kafin ka isa man, za ka riƙa makara a magana, kuma wata rana za ka ƙara sifili ko ka rage.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, a rubuce Koriyawa suna sa waƙafi bayan alƙaluma uku kamar kowa, amma a baki huɗu-huɗu suke karantawa. Ga dabarar da ke warware shi. Ka manta da waƙafin. Ka ƙirga alƙaluma huɗu daga dama, ka ja layi. Abin da ke hagun layin ka karanta shi kamar ƙaramar lamba, ka ce man, sannan ka karanta na dama.

Ɗauki 128,500. Idan ka ja layi, 12 na hagu, 8500 na dama. Sai ka ce sibiman palcheon obaek. Ɗauki 3,450,000. Hagu 345, dama sifili huɗu. Sambaek sasiboman, shi ke nan. Ka yi wannan da biro a takarda sau da yawa kafin ka gwada yi da ka.

Bayan haka ka haddace waɗannan matakala kamar yadda ka haddace sunayen ranaku, domin su ne turakun da za ka riƙa kamawa. Dubu ɗari simman (십만, p ya koma m saboda m na gaba). Miliyan ɗaya baengman (백만). Miliyan goma cheonman. Miliyan ɗari kuma ta sami sabon suna, eok (억), wato man sau man. Biliyan ɗaya sibeok. Tiriliyan ɗaya jo (조), wadda za ka fi ji a labaran kasafin kuɗi da cinikin manyan kamfanoni. A kula, man ita kaɗai ake faɗa ba il, amma eok da jo suna karɓar il: ireok, iljo.

Idan ka riƙe cewa miliyan ita ce baengman, sauran suna biyowa. Mutanen Koriya ta Kudu sun kai wajen miliyan 51, da bakinsu ocheon baengman, wato man dubu biyar da ɗari. Ka tsaya a kan wannan misali har sai ka ga yadda aka yi 51 ta zama 5,100.

Hanya mafi kyau ta zaunar da man ita ce kuɗi. Kuɗinsu won ne, kuma sunan kuɗin bayan lamba yake zuwa, saɓanin "naira ɗari biyar" namu: obaek won. Takardun kuɗin guda huɗu ne. Ta 1,000, cheon won, mai hoton malami Yi Hwang. Ta 5,000, ocheon won, mai hoton Yi I. Ta 10,000, man won, koriya ce, wato launinta kore ne, mai hoton Sarki Sejong. Ta 50,000, oman won, wadda aka fitar a 2009, tana ɗauke da hoton Shin Saimdang, mahaifiyar Yi I. Ka yanka takardu ka rubuta waɗannan adadi, ka sami abokin koyo, ɗaya ya zama mai kanti. Mai saye ya ce "Eolmayeyo?", wato nawa ne. Mai kanti ya ce "Man ocheon wonieyo", 15,000 ke nan. Ka miƙa koriya ɗaya da ta dubu biyar ɗaya. Idan hannunka ya saba da cewa koriya ɗaya ita ce man, samman ya zama koraye uku a idonka, ba lissafi ba.

Mataki na biyar: sifili da lambar waya

Sifili suna biyu gare shi. Yeong (영) na lissafi ne da awon zafi da makamantansu. Gong (공) na karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya ne, musamman waya. Lambobin wayar hannu a Koriya ta Kudu da 010 suke farawa, gong-il-gong. Ƙaramin layin da ke raba rukunin lambobi ana karanta shi "e", ko a ɗan yi shiru a wurin. Idan aka rubuta 010-1234-5678 don misali, sai a ce gong-il-gong-e, il-i-sam-sa-e, o-yuk-chil-pal, kuma da sauri za ka ji o-yuk ɗin ya zama oryuk. Lambobi biyu da ya kamata duk mai shirin zuwa can ya riƙe su ne 112, il-il-i, na 'yan sanda, da 119, il-il-gu, na 'yan kwana-kwana da motar asibiti.

Ka fara da lambarka. Ka faɗe ta har sai ta fito ba tunani, sannan ka bi lambobin 'yan gidanku.

Mataki na shida: kwanan wata

Wannan ya fi namu sauƙi, domin watanni ba su da suna, lamba ce kawai da wol (월). Janairu irwol, Fabrairu iwol, Maris samwol, haka har Disamba sibiwol. Biyu ne suka kauce: Yuni yuwol ne ba yugwol ba, Oktoba siwol ne ba sibwol ba. Rana il (일) ce, shekara nyeon (년), kuma daga babba ake farawa zuwa ƙarami: shekara, wata, rana. Shekarar ana karanta ta cikakkiya, ba a raba ta gida biyu.

Ka yi atisaye da ranakun da ba za ka manta ba. Najeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960: cheon gubaek yuksip nyeon siwol iril. Nijar 3 ga Agusta na shekarar: parwol samil. Gana 6 ga Maris 1957: cheon gubaek osipchil nyeon samwol yugil. Sannan ranar haihuwarka, wadda za a tambaye ka a kowace takarda.

Koriyawa na kiran manyan ranakun tarihinsu da lambobi zalla, kuma sanin wannan yana buɗe kunne wajen sauraron labarai. Samil, uku-ɗaya, shi ne yunƙurin neman 'yanci daga mulkin Japan na 1 ga Maris 1919, wanda ake hutunsa da sunan Samiljeol. Yugio, shida-biyu-biyar, shi ne 25 ga Yuni 1950, ranar da yaƙin Koriya ya ɓarke, kuma da wannan suna mutanen Kudu ke kiran yaƙin kansa. Layin 38 da aka raba ƙasar a kansa a 1945 sampalseon ake ce masa.

Mataki na bakwai: sanin inda Sino ke aiki da inda ba ya yi

Kada ka nemi doka ɗaya da za ta rufe ko'ina. A dunƙule, abin da ake ƙirgawa da hannu ɗaya-ɗaya, kamar mutane, kwalabe, dabbobi da littattafai, ƙidayar gida yake ɗauka idan ba shi da yawa. Abin da ake aunawa ko aka laƙaba wa lamba yana ɗaukar Sino. Amma abin da ya fi aiki shi ne ka haddace kowace lamba tare da kalmar da ke binta, kamar kalma ɗaya.

Agogo ne ya haɗa su a jimla guda. Awa da ƙidayar gida, minti da Sino. Ƙarfe 3:30 se si samsip bun, inda se ta fito daga set na gida, samsip kuma Sino ce. Daƙiƙa, cho, ita ma Sino. Don haka ko kana kan Sino, sai ka ari ɗaya zuwa goma sha biyu na gida saboda agogo.

Akwai wuraren da sauya ƙidaya ke sauya ma'ana gaba ɗaya. Sam beon lamba ta uku ce, kamar motar haya mai lamba 3, amma se beon sau uku ne. Sam bun minti uku, se bun mutum uku cikin girmamawa, irin yadda ma'aikacin gidan abinci zai tambayi baƙi. Shekarun haihuwa da sal ake faɗa a hira, tare da ƙidayar gida, amma a takardun hukuma da labarai se ake sawa tare da Sino: seumu sal da isip se duk shekara 20 ne. Tsawon watanni gaewol ne da Sino, sam gaewol wata uku. Abinci na mutum biyu i inbun. Digo a lissafi jeom, 3.5 sam jeom o. Kashi kuma na ƙasa ake fara faɗa, ɗaya bisa uku sambunui il.

Hawan bene cheung ne, sam cheung hawa na uku. Idan ka shiga na'urar hawa bene a wasu gine-gine, musamman asibitoci, za ka ga harafin F a gurbin 4, ko ka ga babu 4 ɗin sam. Sa na huɗu lafazinsa ɗaya da kalmar Sinanci mai nufin mutuwa, shi ya sa ake kauce masa.

Masu wasan takwando sun riga sun riƙe rabin wannan darasi. Lokacin motsa jiki hana, dul, set ake ƙirgawa, amma jerin salon Taegeuk guda takwas il jang, i jang, sam jang ake kiransu har pal jang, haka ma matakan baƙar ɗamara, il dan, i dan. Wasan ba baƙo ba ne a wajenmu, ɗan Nijar Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017 a garin Muju na Koriya ta Kudu. Idan akwai wurin horo kusa da kai, ka je ka saurari yadda ake kiran sunayen.

Mataki na takwas: atisayen kullum

Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Makon farko ka tsaya a kan 1 zuwa 99, kana karanta duk lambar da idonka ya faɗa a kai: lambar Keke Napep, lambar gida, shafin littafi. Kada ka riƙa jerawa daga ɗaya, domin wanda ya saba da jeri sai ya faro daga il kafin ya tuna chil. Mako na biyu ka shiga ɗari da dubu da kwanan wata, kana faɗin ranar kowace safiya. Na uku da na huɗu ka ba man su gaba ɗaya. Duk farashin da ka ji a kasuwa, buhun shinkafa ko kuɗin mota, ka mai da shi Koriyanci a ranka.

Kunne yana bayan baki a wannan aiki, saboda haka ka nemi wanda zai karanta maka lambobi kana rubutawa, ko ka naɗi murya yau ka saurara bayan kwana biyu. In kana kallon fina-finan Koriya, ka tsayar da hoton duk inda aka ambaci kuɗi, ka rubuta abin da ka ji kafin ka duba fassara. Sunayen da ka saba gani ma suna taimakawa: Samsung taurari uku ke nan, sam ɗin nan dai na mataki na farko.

Idan kun kai ku uku ko huɗu, ku buga samyukgu, wasan uku-shida-tara da yara da ɗalibai ke yi a Koriya. Ana zagayawa ana ƙirga, duk wanda lambarsa ke ɗauke da 3, 6 ko 9 ba zai faɗe ta ba, tafi zai yi. Il, i, tafi, sa, o, tafi. A 33 tafi biyu ne, kuma daga 30 zuwa 39 babu mai buɗe baki.

Kafin ka wuce zuwa ƙidayar gida, ka rufe amsa da hannu ka gwada waɗannan: 16, 470, 9,900, 68,000, 250,000, 12,000,000, 300,000,000. Amsoshin su ne simnyuk, sabaek chilsip, gucheon gubaek, yungman palcheon, isiboman, cheon ibaengman, sameok. Idan ukun ƙarshe sun sa ka tsaya kana ƙirga sifili, ka koma mataki na huɗu da biro da takarda, ka ƙara mako guda a kai.